KO RASHAWA ZA SU IYA RIƘE MUTANEN KAN DUWATSU?

Ran 1 ga watan Agusta na 2024 Gwamnatin Jihar Yobe ta kafa dokar hana fita ba dare ba rana a garuruwan Nguru da Gashuwa da Potiskum, bayan zanga-zangar tsadar rayuwa ta rikiɗe ta koma ƙone-ƙone da fashe-fashe. Kwanaki kaɗan bayan haka sai aka ga wani abin da ba a saba gani ba a ƙasar nan, watau samari a titunan Kano da Kaduna suna ɗaga tutar Rasha, suna kiran sunan Shugaba Putin. Hukuma ta kama telolin da suka ɗinka tutocin, ofishin jakadancin Rasha kuma ya ce babu hannunsa a ciki. Ƙura ta lafa, an naɗe tutoci, amma tunanin da ya sa aka ɗaga su bai gushe ba.

Tunanin kuwa shi ne, wai Rasha ita ce ƙasar da ta san maganin fitina, in ta sa hannu a wuri sai 'yan tawaye su shiga taitayinsu. Wannan magana tana da saurin shiga kunnen mutanen bakin iyaka. Mutumin Nguru ko Macina ko Yusufari ba a rediyo kaɗai yake jin labarin Nijar ba. Can yake da dangi, daga can shanu da raƙuma da kanwa ke zuwa kasuwarsa. Ya ga sojoji sun kifar da Shugaba Bazoum a watan Yuli na 2023, ya sha wuyar rufe iyaka har zuwa Maris na 2024, ya ji an sallami sojojin Faransa, sa'an nan a watan Afrilu na 2024 ya ji Rashawa sun sauka a Yamai. Ga shi kuma ya shekara fiye da goma yana kwana da fargabar Boko Haram. Wanda ke cikin wannan hali ba a ga laifinsa ba in ya yi fatan wani mai ƙarfi ya zo ya raba shi da wahala.

Amma Hausawa na cewa, in kura na maganin zawo ta yi wa kanta. Rasha tana da nata mutanen bakin iyaka, watau Musulmi mazauna duwatsun Kokasas, waɗanda ta shekara fiye da 200 tana fama da su. Kafin kowa ya kai yadi wurin tela, ya kamata a tambaya ko ta iya riƙe su, kuma ko za ta ci gaba da iyawa. Amsar da tarihi ya bayar ita ce, tana riƙe da su, kuma babu alamar za su suɓuce mata gobe ko jibi. Sai dai riƙon ya dogara ne a kan tsoro da kuɗi da mutum guda, kuma duk lokacin da Mosko ta yi rauni sai ya kwance.

ABIN DA MUTUMIN GASHUWA YA RIGA YA SANI

Ba sai an yi doguwar tafiya ba kafin a gane yadda babbar daula take fama da ƙaramar al'umma mai mafaka. Daular Borno ta ajiye Galadima a Nguru don ya tsare mata yammacin ƙasa, ya karɓi haraji, ya kuma sa ido a kan ƙabilun da ke tsakaninta da ƙasar Hausa. Cikinsu har da mutanen Bade, waɗanda suka yi suna wajen ƙin sunkuyar da kai. Ƙasarsu ba ta da duwatsu, amma tana da abin da ya tsaya matsayin dutse, watau fadamu da kurmi da rassan kogi waɗanda doki ba ya iya ratsawa da damina. A farkon rabin ƙarni na 19, sa'ad da Borno ta matsa musu ta wannan gefe, Haɗeja da Katagum kuma ta wancan, Lawan Babuje ya haɗa kan Badawa, ya zauna a Gorgoram, ya kewaye ta da ganuwa. An kai musu yaƙi ba sau ɗaya ba, amma sarautar ta tsira. Ita ce ta koma Gashuwa a zamanin Turawa, tana nan kuma har yau.

Labarin Ningi ya ma fi kusa da abin da ake magana a kai. A shekarun 1840 Malam Hamza da jama'arsa suka bar Tsakuwa ta ƙasar Kano saboda rikicin haraji, suka hau duwatsun Ningi, suka haɗa kai da Butawa da Warjawa. Daga nan suka shekara fiye da hamsin suna kai hari ƙasashen Kano da Bauchi da Zazzau. Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi ya yi ta kai musu yaƙi, ga dawakai ga lifida ga yawan mutane, amma Ningi ba ta zama ta Kano ba, har Turawa suka iso a 1902.

Abu biyu ke cikin waɗannan labarai. Na farko, runduna tana iya hawa dutse ta ƙone gari, amma ba ta iya zama a can har abada, in ta sauko kuwa masu wurin sai su dawo. Na biyu, mutanen da ba su san daula ba sai ranar karɓar haraji da ranar yaƙi, ba sa yi mata biyayya sai ta ganin ido. Wanda ya riƙe waɗannan biyu ya riƙe mabuɗin labarin Kokasas.

SHEKARA 25 NA IMAM SHAMIL

Kokasas jerin manyan duwatsu ne a kudancin Rasha, tsakanin Baƙin Teku da Tekun Kasfiya. A arewacinsu akwai ƙananan jihohi irin su Checheniya da Dagistan da Ingushetiya. Checheniya ba ta kai rabin Jihar Yobe girma ba, mutanenta kuma wajen miliyan ɗaya da rabi ne. Dagistan tana da mutum fiye da miliyan 3 masu harsuna fiye da 30, kuma Musulunci ya isa birninta na Darband tun zamanin Sahabbai. Waɗannan su ne suka yi ta wahalar da ƙasar da ta fi kowace ƙasa faɗi a duniya.

Tun a 1785 Shaihu Mansur ya ɗaga tutar jihadi a kan Rashawa, aka kama shi a 1791, ya rasu a kurkuku. A 1818 Janar Yermolov ya gina wani sansani ya sa masa suna Grozni, ma'ana mai ban tsoro, sunan kuma ya bayyana manufarsa sarai: a ƙone ƙauyuka, a sare dazuzzuka, a kwashe 'ya'yan manya a yi garkuwa da su. Abin da wannan ya haifar shi ne haɗin kan ƙabilun da a da ba sa ga maciji da juna, a ƙarƙashin malaman ɗariƙar Naƙshabandiyya. A 1834, Shehu Laminu yana raye a Kukawa, Imam Shamil ya karɓi ragamar yaƙin. Ya kafa mulki da alƙalai da baitulmali a cikin duwatsu. A 1839 aka tsare shi a Ahulgo har ya ba da ɗansa Jamaluddin garkuwa, amma ya kuɓuta. A 1845 rundunar Rasha ta kutsa har hedkwatarsa ta Dargo, ta tarar an watse, a kan hanyar komawa kuma aka yi mata kwanton ɓauna a cikin daji, ta yi asarar dubban mutane.

Duk da haka Rasha ce ta yi nasara, kuma ya kamata a faɗi yadda ta yi. Bayan Yaƙin Kirimiya ya ƙare a 1856 ta tara babbar runduna, ta riƙa sare daji tana yin hanya, tana kafa sansani bayan sansani, tana kuma sayen hakiman Shamil da kuɗi da muƙami. Talakawa sun gaji da yaƙi, wasu kuma sun gaji da tsananin hukuncin Imamin kansa. A 1859 Shamil ya miƙa wuya a dutsen Gunib. Daga baya aka bar shi ya tafi aikin Hajji, ya rasu a Madina a 1871. A 1864 aka gama da ƙabilar Sarkasiyawa ta yammacin duwatsun, aka kori dubban ɗaruruwansu zuwa Daular Usmaniyya. Jikokinsu suna nan a Turkiyya da Jodan da Siriya. A wannan shekara kuma aka kama Shaihu Kunta Haji na ɗariƙar Ƙadiriyya, mutumin da yake wa'azin a ajiye makami a koma zikiri, aka kai shi can cikin Rasha inda ya rasu. Daular da ba ta bar mai takobi ba, ba ta bar mai carbi ba.

An ce an gama. Amma a 1877, da Rasha ta shiga yaƙi da Turkiyya, Checheniya da Dagistan suka tashi. Da sarautar Rasha ta faɗi a 1917, mutanen duwatsu suka kafa tasu jamhuriya a 1918, sai da sojojin Kwaminisanci suka sake cin ƙasar da yaƙi. An kashe maciji ba a sare kansa ba.

TARAGUN SHANU NA 1944

Stalin ya ga cewa maganin mutanen dutse shi ne a raba su da dutsen. Ran 23 ga Fabrairu na 1944, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, aka zargi Chechenawa da Ingushawa gaba ɗayansu da taimakon Jamus, alhali kuwa dubban 'ya'yansu suna cikin sojojin Tarayyar Sobiyet suna yaƙar Jamus ɗin. Cikin 'yan kwanaki aka kwashe mutum wajen rabin miliyan, tsofaffi da mata da jarirai, aka zuba su a taragun jirgin ƙasa irin waɗanda a da ake loda shanu a tashar Nguru, aka kai su Kazakistan da Kirgistan cikin tsananin sanyi. Aka soke jiharsu, aka sake wa garuruwa suna, aka zaunar da wasu mutane a gidajensu. Masana tarihi da yawa sun ƙiyasta cewa aƙalla mutum ɗaya cikin huɗu ya mutu a hanya ko a shekarun farko na wannan ƙaura. Haka aka yi wa ƙabilun Karacai da Balkar. Sai a 1957, zamanin Kurushev, aka yarda su koma, suka tarar da filaye a hannun wasu. Wannan rikicin fili shi ne ya kai ga zub da jini tsakanin Ingushawa da Osetiyawa a 1992.

Babu wata daula da za ta iya yin ƙarfin da ya wuce wannan. To, me ya haifar? Johar Dudayev, wanda ya shelanta 'yancin Checheniya a 1991, yana jariri aka jefa shi a cikin taragun nan. Aslan Maskhadov, wanda ya jagoranci mayaƙansu, a Kazakistan aka haife shi a 1951. Dukansu biyu manyan hafsoshi ne a sojan Sobiyet, sun ci gishirin gwamnati, Dudayev har ya kai muƙamin Janar a sojan sama. Amma da Tarayyar Sobiyet ta fara rushewa, abin da suka tuna shi ne labarin da iyayensu mata suka ba su.

YAƘI BIYU A SHEKARA GOMA

A watan Disamba na 1994 Shugaba Yeltsin ya tura tankoki Grozni, ana zaton aikin 'yan kwanaki ne. Aka shekara kusan biyu ana yi. An kashe Dudayev a Afrilu na 1996, amma a watan Agusta mayaƙan Checheniya suka sauko daga duwatsu suka ƙwace Grozni, dole Rasha ta sa hannu a yarjejeniyar Hasabyurt, ta janye sojojinta.

A nan akwai abin da masu kishin Checheniya ba sa son tunawa, amma gaskiya ta tilasta a faɗa. 'Yancin da aka samu bai yi wa talaka daɗi ba. An zaɓi Maskhadov shugaba a 1997, amma kowane kwamanda ya riƙe bindigoginsa, satar mutane don neman fansa ta zama sana'a, babu albashi, babu makaranta ta kirki. Masu tsattsauran ra'ayi suka shigo da kuɗi daga waje, suna kafirta 'yan ɗariƙa. A watan Agusta na 1999 Shamil Basayev da wani Balarabe mai suna Hattab suka kutsa Dagistan da sunan jihadi, sai mutanen Dagistan, Musulmi 'yan'uwansu, suka ɗauki makami suka goyi bayan sojojin Rasha. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Putin, wanda a lokacin aka naɗa shi Firayim Minista, ya ƙaddamar da yaƙi na biyu, aka yi wa Grozni ruwan bama-bamai har ta faɗi a Fabrairu na 2000, ta zama kufai. An kashe dubun dubatar farar hula a yaƙe-yaƙen nan biyu, dubbai kuma sun ɓace bayan jami'an tsaro sun ɗauke su. Masu tawaye su ma suka koma ta'addanci tsantsa. A watan Satumba na 2004 suka yi garkuwa da wata makaranta a Beslan, inda mutum fiye da 330 suka mutu, 186 daga cikinsu yara ne. Daga wannan rana suka yi asarar tausayin duniya.

CINIKIN DA AKA YI DA GIDAN KADYROV

Bama-bamai kaɗai ba su kawo wa Putin nasara ba. Dabararsa ita ce ya nemo ɗan ƙasa ya damƙa masa aikin. Ahmad Kadyrov shi ne muftin da ya yi fatawar jihadi a kan Rasha a yaƙi na farko, shi ma haifaffen Kazakistan ne, ɗan Ƙadiriyya ne kuma wanda ya tsani masu kafirta ɗariƙa. Ya sauya sheƙa, aka ba shi riƙon ƙasa a 2000, aka kashe shi da bam a filin wasa ran 9 ga Mayu na 2004. Ɗansa Ramzan ya hau kujerar a 2007 yana da shekara 30. Aka yi wa tsofaffin 'yan tawaye afuwa, aka sa musu kayan sarki. A 2009 Mosko ta ce aikin yaƙi da ta'addanci ya ƙare.

Ba za a yi musun abin da aka samu ba. An sake gina Grozni da dogayen benaye da tituna, an buɗe ƙaton masallaci a 2008, yara suna zuwa makaranta, ba a jin ƙarar igwa. A watan Agusta na 2024 Putin ya ziyarci birnin, har aka ɗauke shi hoto yana sumbatar Alƙur'ani, hoton kuma ya zaga wayoyin jama'a. Amma ya kamata a dubi kuɗin da aka biya. Wajen kashi 80 cikin 100 na kasafin kuɗin Checheniya daga Mosko yake zuwa. A ƙarshen 2014 Ramzan ya faɗa a fili cewa duk wanda ɗansa ya kai hari za a kori danginsa a rushe gidansu, aka kuwa ƙone gidaje. A 2015 ya umarci mutanensa su harbi duk ɗan sandan da ya zo daga wata jihar Rasha ya yi aiki a ƙasarsa ba da saninsu ba. 'Yar jarida Anna Politkovskaya, wadda ta yi ta tona asirin azabtar da mutane a can, an harbe ta a Mosko a 2006. Natalya Estemirova, mai kare haƙƙin jama'a, an sace ta a Grozni an kashe a 2009. Watau Rasha ta sami zaman lafiya ne ta hanyar sallama wa gida guda ƙasa da mutanenta, tana biyansa, ba ta tambayarsa abin da ya yi da su.

INDA RIƘON YAKE DA RAUNI

Irin wannan gini a kan ginshiƙi uku yake tsaye, kowanne kuma yana iya karyewa.

Na farko shi ne kuɗi. Mai karatu zai tuna Afganistan, wata ƙasar duwatsu, inda sojojin Sobiyet suka shiga a Disamba na 1979 suka fita a Fabrairu na 1989, bayan sun yi asarar mutum wajen 15,000. Sun bar Shugaba Najibullah a Kabul, kowa yana cewa ba zai yi wata guda ba, sai ga shi ya shekara uku, domin Mosko tana aiko masa da kuɗi da mai da makamai. Da Tarayyar Sobiyet ta rushe a ƙarshen 1991 taimako ya yanke, a watan Afrilu na 1992 gwamnatinsa ta faɗi. Biyayyar da aka saya da kuɗi ranar da aljihu ya bushe take ƙarewa. Yaƙin Yukren da Rasha ta faɗaɗa a 2022 kuwa ya ci dukiya mai yawan gaske.

Na biyu shi ne mutum guda. Alkawarin Ramzan da Putin aka ƙulla shi, ba da tsarin mulki ba, kuma dukansu biyu 'yan Adam ne. Ramzan ya yi ta cusa 'ya'yansa a manyan muƙamai, har a 2025 aka naɗa ɗansa Adam sakataren majalisar tsaron jihar yana da shekara 17. A ƙasar da al'adar ɗaukar fansar jini take da ƙarfi, akwai gidaje masu yawa da suke riƙe da bashi, suna jiran rana. Tun yanzu ma an ga Chechenawa a ɓangarori biyu na yaƙin Yukren, wasu a rundunar Ramzan, wasu kuma a bataliyoyin da aka sa wa sunan Dudayev da na Shaihu Mansur.

Na uku shi ne ƙarfin Mosko kanta. In aka jera 1877 da 1918 da 1991, za a ga duk lokacin da tsakiya ta girgiza, duwatsu sai su motsa. Ƙananan alamu kuwa ba su daina fitowa ba. A 2018 dubban Ingushawa suka cika birnin Magas suna ƙin yarda a yanka ƙasarsu a ba Checheniya. A Satumba na 2022 matan Dagistan suka fito titi suna hana a kwashi 'ya'yansu zuwa fagen fama. A watan Yuni na 2024 'yan bindiga suka kai hari majami'u da wuraren ibadar Yahudawa da 'yan sanda a Darband da Mahackala, suka kashe mutum wajen 20, aka kuma tarar cikin maharan har da 'ya'yan wani shugaban ƙaramar hukuma.

Duk da haka, wanda ke jiran ya ga Kokasas ta ɓalle nan kusa zai daɗe yana jira. Ƙabilun yankin suna da yawa, suna tsoron juna kamar yadda suke tsoron Mosko. Ba su manta halin da aka shiga tsakanin 1996 da 1999 ba. Albashi da fensho daga Mosko suke zuwa, samarinsu kuma a biranen Rasha suke neman abinci. Masu zafin kai da yawa sun tafi Siriya bayan 2012, da yawansu can suka mutu. Saboda haka Rasha za ta iya riƙewa muddin tana da ƙarfi da kuɗi. Abin da ta kasa yi cikin shekara 200 shi ne ta sa mutanen nan su ji cewa ƙasar tasu ce.

AN KAWO MAGANIN MAƘWABTA

Wannan magani an riga an gwada shi a Afirka ta Yamma, kuma a kan mutanen duwatsu. Sojojin hayar Rasha na kamfanin Wagner sun shiga Mali a ƙarshen 2021. A watan Maris na 2022 aka kai samame garin Mura, inda binciken Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce sojojin Mali da wasu baƙin sojoji sun kashe mutum aƙalla 500. A Nuwamba na 2023 suka ci garin Kidal na Abzinawa, aka yi ta shagali a Bamako. Ba a yi wata tara ba, a ƙarshen Yuli na 2024, Abzinawa suka yi musu kwanton ɓauna a Tinzawaten, kan iyakar Aljeriya, suka ce sun kashe 'yan Wagner 84 da sojojin Mali 47. Wannan ya faru ne kwanaki kaɗan kafin a ɗaga tutar Rasha a Kano. A watan Yuni na 2025 Wagner ta ce ta gama aikinta a Mali, wata rundunar gwamnatin Rasha ta maye gurbinta, alhali masu iƙirarin jihadi sun ƙara matsowa kudu, har suka riƙa tare motocin mai a hanyar Bamako. Faransa ta shekara tara a can ta kasa, Rasha ta karɓa. An sai da biri an sayi kare, tsugune ba ta ƙare ba.

ABIN DA YA RAGE WA MASU MULKI A NAN

Ƙasar nan ma tana da nata bakin iyaka da nata duwatsu. A ƙarshen 2003 wasu samari suka kafa sansani a Kanamma, arewacin Yobe, jama'a suna kiransu 'yan Taliban. Da aka tarwatsa su, a 2004 sai aka ji su a duwatsun Gwoza. A Agusta na 2014 Boko Haram ta kama Gwoza, soja suka ƙwato ta a Maris na 2015, amma masu bindiga ba su sauka daga kan duwatsun Mandara ba, har a Yuni na 2024 aka tayar da bama-bamai a garin. A Fabrairu na 2018 aka kwashe 'yan mata 110 a makarantar Dapci, a kan hanyar da mutumin Gashuwa ke bi zuwa Damaturu. Ba wanda zai ce a ajiye bindiga a gaban irin waɗannan mutane, kuma sojojin da suka ba da ransu sun cancanci yabo. Amma labarin Kokasas ya nuna iyakar abin da bindiga ke iyawa, ya kuma nuna cewa hukunta gari guda saboda laifin mutum goma shi ne shuka yaƙin jikoki.

Abin da ke ɗaure mutumin bakin iyaka da ƙasarsa sananne ne. Jirgin ƙasa da ya isa Nguru wajen 1930 ya jawo wannan yanki cikin Nijeriya fiye da yadda kowace runduna ta yi, domin ya ba mai gyaɗa da mai ƙaro da mai shanu dalilin duban kudu. Yau manomi da masunci a fadamar Haɗeja da Nguru suna kallon yadda madatsun Tiga da Challawa suka sauya tafiyar ruwa, ciyawar kacalla kuma ta toshe magudanai. Mutanen Gashuwa sun daɗe suna kukan ciwon ƙoda. Ɗan kasuwa yana so ya kai kayansa Macina ko Gaidam ba tare da an tatse shi a kowane shinge ba, wanda aka kama ɗansa kuma yana so a kai yaron gaban alƙali. Gwamnatin da ta share waɗannan hawaye ta sami masu gadin iyaka waɗanda ba sai ta biya su ba. Wadda ta yi biris da su kuwa, kada ta yi mamaki in ta ga tutar wata ƙasa a hannun 'ya'yanta.

Su kuma samari masu ɗaga tuta, fushinsu yana da dalili, amma kallon kitse suke yi wa rogo. Da abin da aka yi a Grozni za a yi a nan, da ba wanda zai sami bakin zanga-zanga, ballantana tuta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, shi ne kuma zai hau ya toshe. Allah ya ba shugabanni ikon yin adalci, ya zaunar da ƙasar nan lafiya, amin.